Rikicewar Al'ada da Barazanar Ciwon Sukari

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 27, al'adata takan yi wata uku ba ta zo ba, ga kuma gashi yana fito mini a haɓa. Bayan hoton mara, likitar mata ta ce ina da PCOS, wato larurar rikicewar sinadaran ma'ajiyar ƙwan mace, sannan ta tura ni gwajin sukari. Ni da na je neman haihuwa, me ya haɗa ni da ciwon sukari? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Likitarki ta yi daidai, domin larurorin biyu saiwarsu ɗaya ce ga mata da yawa.

Sinadarin insulin ne ke shigar da sukarin jini cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. Ga yawancin masu PCOS, jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, don haka sai ya riƙa samar da shi fiye da kima. Wannan rarar ita ce ke ingiza ma'ajiyar ƙwan mace ta yawaita sinadarin maza, wanda ke kawo gashin haɓa da ƙuraje, ya kuma hana ƙwai fita a kan kari. Idan aka ɗauki shekaru a haka, gaɓar da ke samar da insulin ɗin, wato pancreas, takan gaza, daga nan ciwon sukari nau'i na biyu ya kankama. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ce fiye da rabin masu wannan larura sukan kamu da shi kafin su cika shekara 40, kuma ko siririyar mace ba ta tsira ba.

Gwajin da ya fi dacewa da ke shi ne wanda za ki kwana ba ki ci komai ba, a auna jininki, a ba ki giram 75 na sukari a ruwa, a sake auna jininki bayan awa biyu. Ko ya fito lafiya, a riƙa maimaita shi duk shekara ɗaya zuwa uku, musamman kuma da zarar kin samu juna biyu.

Idan kina da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki yakan daidaita al'ada. Ki rage lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi, ki yawaita wake da zogale, ki riƙa tattaki kullum. Ina roƙonki da ki nisanci ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, domin akwai masu tayar da sukari a cikinsu. Likita na iya rubuta miki metformin, maganin da ke taimaka wa jiki ya ji insulin, kuma akwai magani irin su letrozole da ke taimaka wa ƙwai ya fita, don haka ki koma wurinta da sakamakon gwajin a hannu. Allah ya ba ki zuri'a ɗayyiba.