Tambaya da Amsa: Tabar sigar da aka ba maki 96 ta zo Kano ta koma ƙirare

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya a kan tabar siga, wannan ƙatuwar da ake naɗewa da ganye zalla irin ta Kuba. A watan Nuwamba da zan dawo daga Dubai na sayi kwalin Montecristo No. 2 a filin jirgi saboda na ga an ce ta taɓa cin maki 96. Guda biyun farko wallahi ba laifi, sauran na ajiye a durowar gefen gado. Yanzu da na ɗauko sai na ga bayanta yana tsagewa, tana ci da wuta da sauri, ga ɗaci ga kartar maƙogwaro. To makin nan ƙarya ne ko ni aka cuta? Daga wani Alhaji, Nassarawa GRA.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Makin ba ƙarya ba ne, kuma bisa dukkan alamu ba a cuce ka ba tunda kai da bakinka ka ce biyun farko sun yi. Hunturu ne ya shanye maka taba kafin ka sha.

Bari dai mu fara da makin. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1992, ita ce ta yaɗa wannan tsari na maki 100, kuma ita ce ta zaɓi Montecristo No. 2 a matsayin gwarzuwar shekarar 2013 da maki 96 ɗin da ka gani. Yadda suke yi shi ne a cire zoben takardar da ke ɗauke da sunan kamfani a maƙala lamba, mai ɗanɗanon bai san me ke hannunsa ba, sannan ya raba makin: kyawun gani da naɗi 15, yadda take ja da yadda take cin wuta 25, ɗanɗano 25, sai 35 na yadda ta kwanta masa gaba ɗaya. Ka ga kenan kaso mafi tsoka ra'ayin mutum ne kawai. Daga 95 zuwa sama suke cewa ta kai ƙarshe, 90 zuwa 94 fitacciya. Amma fa abin da suka ba 96 kara ne da ya kwana ya tashi cikin akwati mai laimar wajen kashi 70 cikin 100 da sanyin digiri 21 ko kusa da haka, ba karan da ya yi Disamba da Janairu a durowa a Kano ba, lokacin da laimar iskarmu da rana take faɗuwa ƙasa da kashi 20, leɓen mutum ma tsagewa yake balle ganye.

Ita siga kashi uku ce, akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sai na waje mai santsi wanda shi ne ya fi tsada kuma ya fi siranta. Idan iska ta bushe na wajen ne yake fara motsewa alhali na ciki bai gama bushewa ba, sai ya dare. Sannan man da ke jikin ganyen, wanda shi ne ƙamshin da ka biya kuɗi dominsa, ya bi iska. Busasshen ganye kuma da sauri yake ci, wuta ta yi zafi, zafin nan shi ne ɗacin da kartar da kake ji.

Za ta gyaru? Wadda ba ta tsage ba za ta dawo ta shawu, amma kar ka sa ran 96, man da ya tafi ya tafi. Nemi robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, sabuwa wadda ba a taɓa zuba miya a ciki ba, ka sa su tare da ɗan fakitin laima irin na Boveda. Fara da mai lamba 62, wato laimar kashi 62 cikin 100, ka bar su sati biyu, sai ka canja zuwa 65, daga baya 69. Kar ka yi garaje ka jiƙa soso ka jefa, in laima ta shiga lokaci guda cikin ne zai kumbura ya ƙarasa fasa bayan. Sayi ƙaramin ma'aunin laima mai batir ka ajiye ciki don ka daina canki-canka. Ni a ganina a garin nan robar ta fi akwatin katakon nan mai tsada da ake kira humidor aiki, sai dai in na gaske ne mai rufuwa sosai, domin katako shi ma hunturu yana shan sa, sai ka ga murfin ya daina zama daidai. In kuma akwatin kake so dole, ruwan da za ka zuba masa ya zama tataccen nan na tururi da ake samu a kemis, ba fiya wata ba.

Kuma kar ka sa a firij, firij busarwa yake ga warin abinci. Bayan hunturu ma akwai wata rigimar, zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40. Akwai wani ɗan ƙwaro na taba da ƙwansa kan zo a cikin ganyen tun daga can, in zafi da laima suka haɗu sai ya ƙyanƙyashe, za ka ga ƴan ramuka kamar an soka allura da wani gari-gari a ƙasan kwali. Ka ga haka, ware waɗanda ya huda ka zubar, sauran ka ƙulle a leda biyu su yi kwana uku a firiza, kwana ɗaya kacal a firij cikin ledar tasu, sannan su dawo roba. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan nan ne wurinsu, ƙasa-ƙasa nesa da taga, ba gaban AC da ake kunnawa ana kashewa da zuwan wuta ba. Agusta kuma sai ka riƙa leƙawa saboda fumfuna.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Mu biyar ne muke zama ranar Asabar da daddare a gidan ɗayanmu, muna so mu riƙa ba da maki mu ma. Amma gaskiya idan na karanta turawa suna cewa sun ji fata da koko da katako da wane da wane ni dai hayaƙi kawai nake ji. Ta ina za mu fara? Daga ƙaninka, Zoo Road.

AMSA: Ƙanena ai yawancin masu cewa sun ji abu goma sha biyu a zuƙa ɗaya burga ce, kar ta dame ka. In ka iya kama abu biyu ko uku ka faɗe su da gaskiya ka yi ƙoƙari.

Abu na farko ku cire zoben. Mutum ɗaya wanda ba zai ba da maki a ranar ba shi zai cire ya maƙala lamba, don muddin ido ya ga babban suna irin Cohiba ta Kuba to baki ya gama yanke hukunci, musamman in wanda ya kawo ta yana zaune yana kallon fuskar kowa. Kuma kowa ya sha iri ɗaya a dare ɗaya, ba wannan da ta kamfanin Padrón wancan da ta Partagás sannan a ce za a gwada ba. Girma ma ya zama ɗaya, ku fara da girman da ake kira robusto, tsawonta wajen inci 5 kaurinta 50, shi kaurin ana auna shi ne da kashi 64 na inci. Tana ɗaukar kusan awa, ta ishe ku. Doguwar da ake kira Churchill mai inci 7 sai ta kai ku tsakar dare.

Bakin kuma ya zama fes. Wanda ya tashi daga kan tsire da yaji ko ya ci goro ba abin da zai ji sai su, ku ci abinci mara yaji tukuna don shan ta da yunwa yana kawo jiri da tashin zuciya, sannan ku ajiye ruwa ko shayi ba suga. Turaren wuta ma a kashe shi a ɗakin, in da hali ku zauna a waje.

Kafin wuta, juya ta a hannu ka ɗan matsa daga sama zuwa ƙasa, ka ji ko akwai inda ya yi tauri kamar dutse ko inda ya lotsa, duk biyun alamar naɗi bai yi ba ne. Yanke kan kaɗan kawai, iya ɗan ganyen da ya rufe kan kamar hula, in ka zarce ganyen waje zai warware maka a baki. Ja ta haka ba wuta ka ji me ta ce. Sai ka gasa gindin da laita mai gas ko doguwar ashana bayan kan ya gama ci, banda laitar fetur da kyandir, kana juyawa har gefen ya kama zagaye. Daga nan zuƙa ɗaya a minti ɗaya, hayaƙin ya tsaya a baki ka fesar, ba a haɗiye shi zuwa ƙirji. Wanda ya saba yana turo kaɗan ta hanci, a nan ne ƙamshin yake fitowa sosai, amma ranar farko sai ka yi hawaye.

Ku raba karan uku a takarda, farko da tsakiya da ƙarshe, don mai kyau canjawa take yi, ta kan fara da ɗan yaji-yaji, ta lafa a tsakiya, ta yi nauyi a ƙarshe. Wadda ta tafi da murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe ni ba na ba ta sama da 88 ko da muryar mai daɗi ce. Kuma ku rubuta da abin da hancinku ya sani: masoro, kanumfari, soyayyar gyaɗa, zaƙin dabino, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, warin sabuwar fata in ka ratsa layin dukawa. Bature da ya ce katakon sida, wani icce mai ƙamshi, abin da ya tashi yana shaƙa ya faɗa. Ku duba wutar ko tana tafiya daidai ko gefe ɗaya na gudu, ku duba tokar ko tana riƙe kanta ta kai inci. Kowa ya rubuta makinsa a ɓoye, sai an gama a buɗe, in ba haka ba duk makin babban yaya za a bi.

Wani abu da zan so ku gwada, ku nemo wadda aka naɗe da ganyen Kamaru, nan maƙwabtanmu. Ganye ne siriri mai ɗan ƙurji-ƙurji a jiki da zaƙi-zaƙi, kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika da shi suke rufe sigoginsu masu suna Hemingway da Don Carlos. Ku haɗa ta a makance, wato ba zobe, da ta Kuba da ta Estelí a Nikaragua ku ga wa zai ci, sau da yawa sakamakon yana ba masu rantsuwa da Kuba kunya. Sai dai shi ganyen Kamarun ya fi kowane saurin tsagewa a bushewar nan tamu.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce, maigidana ya daina sigari ya koma wannan, wai tunda ba a haɗiye hayaƙin ba ta da illa, kuma ganye ne zalla ba sinadari. Gaskiya ne? Daga Hajiya, Hotoro.

AMSA: Hajiya ba gaskiya ba ne, kuma duk mai sha da ya san abin da yake yi ya san haka. Karan sigari ɗaya tabar da ke cikinsa wajen giram 1 ce, babbar siga kuwa daga giram 5 har zuwa 20 ana samu, wato guda ɗaya tana iya kai kwalin sigari. Nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini ko ba a haɗiye ba, kuma hayaƙin yana zama a leɓe da harshe da maƙogwaro, shi ya sa ake danganta ta da kansar baki da ta maƙoshi da ta hanyar abinci, ga ciwon dasashi. Abin da ya fi damuna da maigidan naki shi ne tsohon mai shan sigari ne, irinsu sukan haɗiye ba su sani ba saboda sabo, to ka ga an koma gidan jiya har da ƙari. Ganye zalla kuma ai in ya ƙone kwalta da iskar guba yake fitarwa ko daga wace gona ya fito.

Ke da yara kuna da haƙƙi, kar ya sha a falo ko a mota, dokar hana shan taba ta ƙasa ta 2015 ma ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ɓangaren hukuncin addini malamai sun yi magana mai yawa, da yawansu haramci suka tafi a kai wasu karhanci, wannan ku tambayi malaminku. Ki lallaɓa shi ya riƙa ganin likitan haƙori, in ya ga wani fari ko ja a cikin baki ko gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba, ko murya ta dishe ta ƙi dawowa, kar ya tsaya shan jiƙe-jiƙe.

TAMBAYA: Wani ya sa Cohiba a status, kwali mai murfin gilashi, ya ce aboki ne ya kawo daga Kuba zai bar min a rabin kuɗi. In saya? Daga ɗan Kantin Kwari.

AMSA: Kar ka saya Alhaji, murfin gilashin nan shi kaɗai ya isa shaida, masu yawon buɗe ido ake yi wa shi a bakin titi. Cohiba tun 1966 aka fara yin ta don Fidel Castro da baƙinsa, sai 1982 aka fara sayar wa jama'a, kuma a 2022 kamfanin Habanos mai sayar da sigar Kuba ya ɗaga kuɗinta sosai a duk duniya, har shagunan Turai ƙarancinta suke fama da shi, to wa zai kawo ta Kano ya karya? Kwalin gaske yana da koren hatimin gwamnatin Kuba mai lamba da za ka iya bincikawa a shafin Habanos, da hatimin masana'anta da watan da aka cika shi a ƙasan kwalin. In ya dage, ce masa za ka biya kuɗin guda ɗaya ku tsaga ta a gabansa da reza. Ta gaske dogayen ganye za ka gani a naɗe tun daga kai har gindi, ta bogi kuwa ɓarɓashi ne da jijiyoyi da sharar ƙasa, wani lokacin har da zare.