Hukuncin sayar wa masu fim labarin littafi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni marubuciya ce daga Zariya. Na rubuta littafi a kan wata marainiya da ta tashi a hannun matar kawunta, kuma ya karɓu, wasu sun saya a takarda, wasu a waya. Yanzu wani furodusa ya nemi in sayar masa da labarin ya mai da shi fim mai dogon zango a tasharsa ta YouTube. Ya ce in zaɓa: ko ya biya ni kuɗi dunƙule mu rabu, ko ya riƙa ba ni kashi 10 cikin 100 na abin da aka samu. Baffana ya ce kuɗin haram ne, wai iska zan sayar, kuma labarin ma ƙarya ne tun asali. Ni kuma tsorona kada a cusa rawa da shigar banza a cikin abin da na rubuta. Sannan akwai ƙawata da aka ɗauki labarinta, aka sauya sunaye, aka yi fim ba tare da an tambaye ta ba. Mene ne hukuncin duk wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, sayar da labarinki halal ne, kuɗin da za ki karɓa kuma halal ne, amma da sharaɗi a kan abin da za a yi da labarin. A kan sharaɗin nan zan fi tsayawa, domin nan ne marubuta suke sakaci.

Baffanki, Allah ya ƙara masa lafiya, bai faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba. Akwai manyan malamai da suka hana sayar da haƙƙin talifi, cikinsu har da Mufti Muhammad Shafi'u na Pakistan. Hujjarsu ita ce haƙƙi tsantsa ba kaya ba ne da ake riƙewa a hannu, kuma suna tsoron a faɗa cikin ɓoye ilimi. Sai dai mafi yawan malaman zamani sun tafi a kan halaccinsa, har da ɗan shi Mufti Shafi'u ɗin, Shaikh Taƙiyyu Usmani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 da ta yi a Kuwait cikin watan Disamban 1988, ta yanke a ƙudurinta mai lamba 43 cewa talifi da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, sun zama dukiya a al'adar mutane, masu su na da ikon juya su, kuma bai halatta a keta su ba. Wannan ne nake ganin ya fi ƙarfi, kuma ya dace da asalin mazhabarmu ta Malikiyya. Imam Shaɗibi ya bayyana dukiya da cewa ita ce abin da ake mallaka, mai shi ya keɓanta da shi ban da waninsa, idan ya same shi ta hanyarsa. Bai ce sai wanda ake ɗauka a kai ba. Mai gida yana karɓar kuɗin haya alhali ko bulo ɗaya bai bar hannunsa ba, amfani ya sayar. Shi ma furodusan nan ba zai fitar da kuɗinsa don iska ba. Ya ga aikin watanni da kika yi, ya ga masu karatun da kika tara, su yake saye. Maganar ɓoye ilimi kuwa ba ta shigo nan ba, don ba wani hukuncin addini aka tambaye ki kika ƙi faɗa ba.

Batun ƙarya ba sai an ja shi ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labari don ya gaskata abin da bai faru ba. Wanda ya buɗe ƙagaggen labari ya san ƙagagge ne. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, alhali Abu Zaidin da ake ba da labarinsa a ciki ƙirƙirar marubucin ne, ba kuma wanda ya ce ƙarya almajiran suke karantawa. Ta zama ƙarya ne idan kika ce wa mutane da gaske ya faru, ko kika siffanta wani sananne kika jingina masa abin da bai yi ba.

Yanzu sharaɗin. Fim kamar magana yake: mai kyau mai kyau ne, mummuna mummuna ne. Tun 1976 aka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, don haka abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Daga nan malamai suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, ko da yake inabin halal ne. To labarinki shi ne inabin. Idan kin sani, ko zato mai rinjaye ya nuna miki, cewa wannan mutumin zai cika shi da rawar maza da mata, da bayyana tsiraici, da kalaman batsa, to bai halatta ki sayar masa ba, komai yawan kuɗin. Sanin nan kuwa ba wuya gare shi. Tasharsa a buɗe take, ki duba abin da ya saba fitarwa, don juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda nake jin wasu marubuta suna cewa "ni dai na sayar, abin da suka yi tsakaninsu da Allah." Ba haka ba ne. Sunanki ne zai fito a farkon kowane kashi, yarinyar da ta karanta littafinki ita ce za ta kira ƙannenta su zo su kalla saboda ta yarda da ke. Haƙƙin mallaka ana sayar da shi, amma nauyin abin da mutum ya buɗe wa ƙofa da saninsa ba ya bin kuɗin ciniki ya tafi. Tambarin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, abu ne da ya kamata a nema a kuma girmama, sai dai ba shi zai amsa miki tambaya a gaban Allah ba.

Mafita ita ce rubutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ki sa a rubuta abin da ba ki yarda a saka ba, ki ambace su ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsaya a kan "abin da ya saɓa wa addini", don kowa zai fassara shi yadda ya so. Ki sa sharaɗin ganin rubutun fim ɗin kafin a fita ɗauka, da ikon cire sunanki idan aka saɓa. Ki kuma yi adalci: littafi daban, fim daban, dole darakta ya taƙaita wani wuri, ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya, wannan ba cin amana ba ne. Idan kin yi bincikenki, kin kafa sharuɗɗa, sannan ya yaudare ki, zunubin nasa ne, kuɗinki kuma halal ne, sai dai ki bayyana wa mutane ba da yawunki aka yi ba.

A kan zaɓi biyun da ya ba ki, kuɗi dunƙule babu saɓani a kansa a wurin masu halatta cinikin, matuƙar an san adadi da ranar biya. Kason ne ake magana a kai. A mazhabarmu ana sharɗanta lada ya zama sananne, kashi 10 na abin da ba a san yawansa ba kuwa akwai garari a cikinsa, wato rashin tabbas a ciniki, domin fim na iya karɓuwa, yana iya faɗuwa. Imam Ahmad, limamin mazhabar Hambaliyya, ya halatta irin wannan, kamar mutum ya ba da dabbarsa a yi aiki da ita a raba abin da aka samu, bisa hujjar cewa Annabi ya bar wa Yahudawan Khaibara gonaki su noma a kan rabin amfanin. Ina ganin halaccinsa a kan wannan fahimta, idan an fayyace kashi 10 na mene ne: na kuɗin wannan fim ɗin kaɗai ko na tashar duka, kafin a cire kuɗin aiki ko bayan an cire, kuma kina da ikon ganin lissafin da idonki. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rage a duhu, cinikin bai inganta ba. Shawarata dai ki karɓi sanannen kuɗi a kan kowane zango, tare da kafin alƙalami. Ya fitar da ke daga saɓanin malamai, ya kuma raba ki da bin mutum kina roƙon lissafin da shi kaɗai yake riƙe da mabuɗinsa.

A fayyace kuma ko sayarwa ce ta har abada ko izini ne na wasu shekaru, ko YouTube kaɗai ko har da tashoshin talabijin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta amincewa da miƙa wannan haƙƙi sai a rubuce, kuma tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Ke nan gadon 'ya'yanki ne kike ciniki a kai. Idan kuma kin taɓa sayar wa wani maɗaba'a ko wata manhaja haƙƙin littafin gaba ɗaya, ki koma ki karanta waccan takardar tukuna, domin Annabi ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa.

Game da ƙawarki, a bambance abu biyu. Jigon labari, kamar zaman kishi ko wahalar maraya, ba mallakin kowa ba ne, kamar yadda tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta da mai ita. Amma idan an bi zaren labarinta, da mutanen ciki, da yadda al'amura suka biyo juna, aka sauya sunaye kawai, wannan satar fasaha ce, haramun ce ta fuska biyu. An ci dukiyarta, alhali dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wanda ya sa sunansa a kai kuma ya shiga hadisin Bukhari da Muslim, cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu na ƙarya ne. Tubansa ba ya cika sai ya nemi yafiyarta, ya biya ta abin da masana harkar suka ƙiyasta ana biyan irin labarinta, ya kuma mayar da sunanta. Ita kuma ta tattara shaidar cewa littafinta ya riga fim ɗin fita, ta fara neman sulhu ta hannun dattawan masana'antar. In ya ƙi, ta kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ko kotu, babu laifi a kanta.

Allah ne Mafi sani.