Amsa ga mai tambaya kan manhajar waya da farfaɗiya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko akwai manhajar da za ki saka wa ɗanki a waya ta riƙa sanar da ke duk sanda farfaɗiya ta tashi masa, tunda ba kullum kuke tare ba. Allah Ya ba shi lafiya. Ƙanena na fama da ita tun yana sakandare, ni ke raka shi asibiti, ga abin da na gani.

Manhajojin suna nan, amma kada ki saki jiki da su. Suna dogara ne da wani ɗan abu mai jin motsi a cikin wayar, shi ne ke juya miki allo idan kin kwantar da ita. In ya ji jijjiga mai ƙarfi ta ɗan jima, sai a turo miki saƙo da wurin da yaron yake. To sai wayar tana jikinsa, da caji, da data. In tana wurin mai caji ko ƙarƙashin matashi, shi ke nan. Mun gwada wata, a-daidaita-sahu kawai ya hau kan hanya mai ramuka ta dinga turo mini ƙararrawa. Sannan ba kowace farfaɗiya ke zuwa da shure-shure ba. Ta ƙanena wani lokaci kafewar ido ce, ya riƙa tauna baki yana murza bakin rigarsa, ki kira shi ba ya amsawa. Wannan babu wayar da za ta ji.

Akwai na ɗaurawa a hannu kamar agogo, irin Embrace da kamfanin Empatica ya yi, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Yana auna motsi da gumin fata, ya fi waya nesa ba kusa ba, sai dai shi ma mai jijjigar jiki duka yake kamawa, ga tsada ga biyan kuɗi a kai a kai. Batun gane ciwon daga yadda mutum ke latsa waya kuwa, har yanzu bincike ake yi.

Inda waya ta yi mana rana shi ne bidiyo. Likita ba kasafai yake ganin abin da idonsa ba, kuma gwajin EEG, wato na auna aikin ƙwaƙwalwa, kan iya fitowa lafiya lau in ba lokacin tashin ciwon aka yi ba. Mu kuma a ruɗe muke, wannan ya ce hannun dama ne ya fara, wancan ya ce hagu. Ran da muka nuna bidiyo, likitan ya mayar da shi baya yana duban wani abin da ba mu taɓa lura ba: kansa na fara karkata gefe guda kafin jikin ya ɗauka. Daga nan aka sauya masa magani.

Ga yadda ake ɗauka. Mutum ɗaya ya kula da yaron, ya kwantar da shi a kan gefen jikinsa, ya janye wuta da abu mai kaifi, kada a sa masa cokali ko komai a baki. Wani daban ya riƙe waya. A kunna fitila, a ɗauki jiki duka sannan fuska da ido, a kira sunansa a ji ko zai amsa, kada a kashe sai ya farfaɗo. Bidiyon da kansa zai nuna tsawon lokacin. In ya wuce minti 5, ko wata ta biyo bai dawo hayyacinsa ba, asibiti kai tsaye. Kuma don Allah na likita ne kaɗai, kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi, kin san mutanenmu da tsangwama.

Sai ƙararrawar shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya zama ba tare da yana tashi ba in an gano shi daidai ana shan magani yadda ya kamata. Mu dai yawancin faɗuwar ƙanena in muka bi diddigi, tsallake magani ne ko rashin barci. Ki riƙa rubuta rana, lokaci, awa nawa ya yi barci, ko yana zazzaɓi. A wannan rubutun muka gano daren kallon ƙwallo da hira har ƙarfe biyu ne ke jawo ta da safe. Hasken allo mutane ke zargi, alhali 'yan kaɗan ne walƙiyar haske ke tayar wa ciwon. Barcin da wayar ke cinyewa ya fi ɓarna.

A allon kulle na wayarsa ki rubuta cewa yana da farfaɗiya, da sunan maganinsa da lambarki, don wanda ya tsince shi a hanya. In azumi ya matso kuma, likita za ki tambaya yadda za a tsara lokutan shan maganin, kada ku sauya da kanku.