Daga Wane Faifan Jaz Mai Jita Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kaduna, shekarata uku ke nan ina kaɗa jita. Na fi sabawa da irin kiɗan 'yan Agadas, sai ɗan abin da muke yi a wajen biki. Kwanakin baya abokina ya turo min faifan Joe Pass mai suna Virtuoso, ya ce nan jitar jaz ta ƙure. Na saurara sau biyu ban gane inda aka dosa ba, har gwiwata ta yi sanyi. Don Allah waɗanne faifai ka fi so, waɗanda za ka ce in fara da su? Sannan yayana ba ya kiɗa, amma yana son abin da zai riƙa ji da dare in ya dawo daga aiki. Akwai wanda zai dace da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada gwiwarka ta yi sanyi. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya shigar da kai gidan ta kan katanga alhali ga ƙofa a buɗe. Lokacin da Joe Pass ya ɗauki Virtuoso a 1973 yana da shekara 44, kuma tun yana ɗan shekara 9 jita take hannunsa. Shi kaɗai ne a faifan, ba ganga, ba bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da ke ba da sauti mai kauri), ba piyano. Hannu biyu ne suke yin aikin mutum uku, kuma yana yi wa tsofaffin waƙoƙin Amurka kwalliya ne bisa zaton mai saurare ya riga ya san su tun asali. Wanda bai san waƙar ba, ta yaya zai gane an yi mata kwalliya? Ajiye shi tukuna, da rarrafe yaro kan tashi.

Faifan da nake fara miƙa wa duk mai jita shi ne Midnight Blue na Kenny Burrell, wanda kamfanin Blue Note ya ɗauka a watan Janairun 1963. Dalilina shi ne kusan dukansa bulus ne, wato tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da jaz ya tsiro daga jikinsa. Bulus zagaye ne na gaɓa 12 (gaɓa ita ce ɗan rukunin bugu da ake auna kiɗa da shi) da ke komawa farko kullum, galibi a kan kod uku (kod shi ne sautuka da dama da ake kaɗawa tare lokaci guda), kuma sautukan da ake gina shi a kansu biyar ne, sai ɗaya da ake ƙarawa don ya ba shi ɗan ɗaci. Kai da yatsunka suka saba da salon Agadas, waɗannan sautuka biyar ba baƙinka ba ne, kullum kana taka su. Abin da zai zame maka sabo shi ne yadda ake canza kod a ƙarƙashinsu da kuma yadda ake jinkirta bugu.

Babu piyano a wannan faifai, kuma wannan babbar garaɓasa ce ga mai koyo, domin babu abin da ke rufe jitar. Stanley Turrentine ne a saksofon, Major Holley a bes, Bill English a ganguna, Ray Barretto kuma a konga, wato gangar hannu. Ka fara da kiɗa na farko, "Chitlins con Carne". Ka lura da abin da Burrell yake yi idan aka bar masa fili: sai ya faɗi 'yar gajeriyar magana da tsirkiya ɗaya, ya tsaya, ya amsa wa kansa da kod guda, ya sake faɗin wata. Kamar makaɗi da 'yan amshinsa, sai dai duka a jita ɗaya. Ba ya gudu. Babu wata jimla a ciki da yatsun mai shekara uku a jita ba za su iya kamawa ba. Wahalar tana wajen sanya kowane sauti a daidai inda ya sa shi, ba gaba ba baya, kuma wannan kaɗai zai iya cin maka wata biyu. Akwai kuma "Soul Lament" a faifan, inda yake kiɗa shi kaɗai a hankali. Idan kana son ɗanɗana abin da Joe Pass yake yi ba tare da kanka ya juya ba, nan ne wurin.

Bari in faɗa maka yadda za ka saurara, don ya fi sunayen faifan muhimmanci. Kada ka ɗauki jita a makon farko. Zaɓi zagaye ɗaya na kiɗan Burrell, wanda bai kai rabin minti ba, ka yi ta maimaita shi har ka iya rera shi da baki tare da shi, da inda ya ja da inda ya yi shiru. Sai bakinka ya iya sannan ka nemo shi a jikin jita. Ɗaliban da na ga sun yi nisa duk ta nan suka bi. Waɗanda suka fara da haddace zanen yatsu daga intanet kan iya gudu a kan jita, amma in ka ce su rera abin da suka kaɗa yanzu-yanzu, sai ka ga babu shi a kunnensu, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Na biyu, kuma wanda na fi so a raina, shi ne The Incredible Jazz Guitar of Wes Montgomery, na kamfanin Riverside, 1960. Wes mutumin Indianapolis ne. Da rana yana aikin walda don ciyar da iyali, da dare yana kiɗa a gidajen rawa har gab da asuba. Bai fara jita da gaske ba sai da ya kusa shekara 20, ba ya karanta rubutaccen kiɗa, kuma makarantarsa ita ce faifan Charlie Christian, saurayin da ya fito da jitar lantarki fili a ƙungiyar Benny Goodman daga 1939, tarin fuka ya ɗauke shi a 1942 yana da shekara 25 kacal. Wes ya zauna ya kwashe kiɗan Christian sauti bayan sauti da kunne, irin aikin da na ce ka yi da Burrell. A 1959 mai busa saksofon Cannonball Adderley ya ji shi a wani gidan rawa a Indianapolis, ya koma New York ya matsa wa Orrin Keepnews na Riverside lamba sai ya je ya ji da kunnensa. Haka Wes ya shiga Riverside, har aka kai ga wannan faifan.

Abu biyu za ka ji nan da nan. Na farko taushin sautin. Wes ba ya amfani da ɗan robar nan da muke kaɗa jita da shi, da tsokar babban yatsa yake shafar tsirkiya. Ya saba da haka ne saboda atisayen dare a gida, don kada ƙara ta dami iyali da maƙwabta, abin ya zame masa tambari. Na biyu, yadda yake gina kiɗansa hawa-hawa. Yakan fara da tsirkiya ɗaya. In abin ya ɗau zafi sai ya koma kaɗa sauti ɗaya a wuri biyu lokaci guda, na ƙasa da ɗan'uwansa na sama, abin da ake kira oktab. A ƙarshe sai ya riƙa rera waƙar da kod cikakku, kamar mutum huɗu sun ɗauki amshi tare. Saurari "West Coast Blues" da "Gone with the Wind" ka bi wannan hawan da kunne. Darasin da ke ciki ya wuce jaz: kada ka zazzage duk abin da ke jakarka a zagayen farko. Ko a wajen biki zai yi maka amfani. Ga mai fara kwafa kuwa, "D-Natural Blues" ya fi sauƙin kamawa. Kiɗan da ya buɗe faifan sunansa "Airegin", Sonny Rollins ne ya tsara shi a 1954; karanta sunan daga baya zuwa gaba da haruffan Turanci, za ka ga sunan ƙasarmu ne. Yana da sauri sosai, ka ji daɗinsa kawai, kada ka ce za ka bi shi bana. Wes ya rasu a 1968 yana da shekara 45, kuma har yau da wuya ka sami mai jitar jaz da babu ɓurɓushinsa a hannunsa.

Na uku babu jita a cikinsa ko kaɗan, kuma da gangan na sa shi. Kind of Blue ne na mai busa kakaki Miles Davis, 1959. Mu masu jita muna da wata matsala da masu busa ba su da ita: ba ma buƙatar numfashi don mu yi sauti, saboda haka yatsu sukan yi ta zuba babu waƙafi babu aya. Mai kakaki dole ya tsaya ya shaƙi iska, wannan tsayawar ce take mayar da kiɗansa magana. Kiɗan farko, "So What", a kan kod biyu kawai yake: gaɓa 16 a kan kod ɗin D, gaɓa 8 a hau rabin mataki, a sake dawowa D gaɓa 8. Ke nan babu ruwanka da fargabar canjin kod, kamar dai yadda kuke daɗewa a kan kod ɗaya a kiɗan Agadas. Ka kwashe abin da Miles ya busa a nan ka mayar da shi kan jita, duk inda ya yi numfashi kai ma ka ɗage yatsa. Bayan shi John Coltrane da Cannonball Adderley suna shigowa a kan kod biyun nan dai, kowa da irin bakinsa, sai ka ga yadda fili ɗaya yake ɗaukar magana iri uku. In ka ƙoshi da wannan, nemi Smokin' at the Half Note na 1965, inda Wes yake tare da Wynton Kelly da Paul Chambers da Jimmy Cobb, dukansu ukun sun yi kiɗa a Kind of Blue.

Yanzu ga na Yaya. Ka ba shi Idle Moments na Grant Green, wanda aka ɗauka a Nuwamban 1963, ya fito a 1965. Kiɗan da aka sa wa faifan sunansa kusan minti 15 ne, yana tafiya sannu kamar mai dawowa gida bayan isha'i ba abin da ke koransa. Tsawon nan ma ba shirya shi aka yi ba. Duke Pearson, mai piyano wanda ya tsara kiɗan, ya bayyana cewa an sami rashin fahimta kan tsawon zagayen, Green ya zarce tsawon da aka tsara, sauran kowa ya bi sahunsa. Aka sake ɗauka a gajarce, amma ba a sami irin wancan natsuwar ba, sai aka bar na farkon, aka koma aka rage tsawon wasu kiɗa biyu don faifan ya ɗauke su. Shigowar Joe Henderson da saksofon a tsakiyar kiɗan nan tana cikin abubuwan da ba na gajiya da ji. Kai ma ka zauna ka ji tare da shi, domin Green kusan ba ya taɓa kod, tsirkiya ɗaya yake bi kamar mai busa, kuma ba ya jin kunyar maimaita jimla ɗaya sau da yawa har ta zauna.

Idan Yaya ya nemi ƙari, Kind of Blue ma nasa ne, sai kuma Eastern Sounds na Yusef Lateef, 1961. Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani. Faifan ya riga zuwansa da shekara 20, amma za ka ji tun lokacin kunnensa yana neman sautukan da ke wajen Amurka.

Akwai wani da nake so ka ajiye a gefe sai ka yi kamar shekara a kan waɗancan: Undercurrent na Bill Evans da Jim Hall, 1962, piyano da jita su biyu rak. Kayan kiɗan nan biyu sukan yi karo, don kowanne yana iya yin kod, amma a nan ba ka jin ɗaya ya taka ƙafar ɗaya. Abin koyo shi ne abin da Hall yake yi lokacin da ba shi ke gaba ba. A "My Funny Valentine" za ka ji ya koma baya yana riƙe wa Evans bugu kamar shi ne mai ganga da mai bes gaba ɗaya. Yawancin rayuwar mai jita a bayan wani take, mawaƙi ne ko mai busa, kuma kaɗan ne suke ɗaukar wannan aiki da daraja. Django Reinhardt ma ya cancanci kunnenka wata rana, mutumin da gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya koma yana zuba kiɗa da biyun da suka rage a birnin Paris tare da mai goge Stéphane Grappelli. Sai dai salonsa wata hanya ce daban, kuma ɗaukar sautin zamaninsa tsohuwa ce, ba zan so ta zama farkon abin da za ka auna jaz da shi ba.

Amma Virtuoso, ranar da za ka koma masa, fara neman "Night and Day" a bakin wani mawaƙi, ka iya rera ta tsaf, sannan ka saka na Joe Pass, wanda shi ne kiɗan farko a faifan. Za ka ji waƙar tana nan a ƙarƙashin duk wannan ado, ba ta je ko'ina ba.

Kada ka sauke su duka rana ɗaya. Midnight Blue kaɗai ya ishe ka daga yanzu zuwa wata biyu. Kuma ka samu abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya tana cinye sautin bes gaba ɗaya, alhali bes ɗin ne zai riƙa gaya maka inda kake a cikin gaɓa 12 ɗin nan. In ka iya rera zagaye biyu na "Chitlins con Carne" da baki kuma ka same su a jita, sake rubuto min mu shiga maganar kod. Ka gaida Yaya.