Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hotunan Safe a Yankari Ke Fitowa Dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Janairu muka fita zagayen safe a Yankari, muka tarar da giwaye kusa da kogin Gaji. Ido ya sha kallo, amma hotunan suka fito dishi-dishi, wasu kamar an barbaɗa musu toka. Lens ɗina, wato gilashin gaban kyamara, mai milimita 400 ne. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abu biyu ne suka haɗe maka, girgiza da hazo.

A Janairu rana kan fito a yankin Bauchi wajen bakwai saura kwata, kuma a rabin awar farko hasken ƙalilan ne. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, sai ta rage saurin shota, wato marfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, wataƙila har zuwa 1/60 na daƙiƙa. A milimita 400 kuwa ko numfashinka sai ya nuna a hoto. Kada ka sauka ƙasa da 1/500 ga dabbar da ke tsaye. Gwanki mai gudu yana buƙatar 1/1000 zuwa sama, tsuntsu a sama 1/2000. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, misali f/5.6, ka ƙyale ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau 1600 ko 3200. Mutane na tsoron tsaki-tsakin da ISO ke kawowa, alhali shi ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani. Ka roƙi direba ya kashe inji. Ka ɗinka 'yar jaka, ka zuba wake kamar kilo 2, ka ɗora a ƙarfen mota, lens ya kwanta a kai. A cikin mota ta fi sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku amfani. Saitin fokas, wato inda hoto zai fito tar, kuma ya tsaya kan idon dabbar, ba kan ciyawar da ke gabanta ba.

Tokar da ka gani ƙurar hunturu ce. Iya nisan dabba, iya ƙurar da ke tsakaninku, don haka dogon lens ba ya warkar da ita. Haƙuri za ka yi dabbar ta matso, kana cikin mota, kuma maganar jagoran daji ita ce ta ƙarshe. Ka sa rana a gefenka, don ita ke fito da tamojin fatar giwa. Jikin giwa mai duhu yana yaudarar kyamara ta ƙara haske, sai ka rage shi zuwa -2/3 a ma'aunin ƙara ko rage haske na kyamara. Ka mayar da saitin launi kan hasken rana, domin na atomatik yakan wanke jan safiyar nan da ka yi sammako dominsa. In kuma rana na bayan garke, ƙurar da ƙafafunsu ke tayarwa takan yi jajir kamar garwashi. Rage haske da -1, ka bar giwayen su zama inuwa baƙi. Kada ka canza lens a fili, ƙura za ta shiga.

Tambaya: Ni waya kawai gare ni. Zan samu wani abu? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Ƙwarai, Malama, amma ki guji jan zum da yatsa, galibi yanke hoton kawai yake yi. Ki goge gilashin, ki taɓa sararin sama a fuskar wayar, ki rage haske, ki ɗauki dabba tare da dajinta. Gwaggon birin sansanin Wikki kusa suke zuwa. Ki riƙe wayar da hannu biyu, kada leda ta kasance a hannunki, fizga suke yi.