Filin Lafiya: Rauni a laka, shanyewa iri-iri

Tambaya: Likita, ƙanena ya faɗo daga bishiyar kuka garin ɗiban ganye. Ƙafafunsa sun mutu amma hannuwansa na aiki. Ɗan maƙwabcinmu kuwa babur ne ya kayar da shi, daga wuya har ƙasa ba inda ke motsi. Dukansu an ce laka ce ta taɓu, to me ya bambanta su? Sannan mai ɗori ya ce a kawo ƙanena ya ja masa bayan. Mu kai shi?
Wani manomi daga yankin Ringim, Jigawa

Amsa: Allah ya ba su lafiya, Malam. Bambancin yana wurin da raunin ya samu. Laka daga ƙwaƙwalwa take tasowa ta bi ramin ƙashin baya, kuma ta cikinta saƙon motsi da na ji ke wucewa. Abin da ke ƙasa da raunin shi ke shanyewa, na sama ya tsira.

Wuya yana da gaɓoɓin ƙashi 7, bayan ƙirji 12, ƙugu 5. Jijiyoyin hannu daga wuya suke fita, shi ya sa raunin wuya ke kashe hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya. A wuyan ma hawa-hawa ne. Jijiyar da ke jan numfashi tana fita tsakanin gaɓa ta 3 da ta 5, don haka rauni a sama da nan sai da injin numfashi. In raunin a gaɓa ta 5 yake, mutum kan lanƙwasa gwiwar hannu amma yatsu ba sa kamawa, a ta 6 ya ɗaga tsintsiyar hannu, a ta 7 ya iya miƙe hannun. Na ƙanenka a ƙasa da wuya yake, sai ya tafi da ƙafafu, galibi har da riƙe fitsari da bayan gida.

Akwai kuma zurfin raunin. In saƙo na ɗan wucewa, ko da motsin yatsan ƙafa ɗaya ne ko jin taɓi a kewayen dubura, fatan samun sauƙi ya fi yawa. Kwanakin farko ba a yanke hukunci, domin kumburi da firgitar laka, wato tsayawar aikinta na ɗan lokaci bayan rauni, kan sa abin ya fi yadda yake muni.

Batun mai ɗori kuwa, kada ku kai shi. Ƙashin da ya karye a baya in aka ja shi zai iya ƙarasa tsinke lakar da ta rage. A kwantar da shi a miƙe kan faffaɗan katako, mutum 4 su ɗauka, ɗaya na riƙe da kai kada wuya ya juya. Ban da goyo a babur. A nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ɗauki hoto.

A gida, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne abin tsoro. A riƙa juya shi duk awa 2, dare da rana, ana duba ƙugu, ɗuwawu da dunduniya. Shimfiɗa ta zama busasshiya. Shi kuma mai raunin wuya, in ciwon kai mai tsanani da gumi suka taso masa farat ɗaya, jininsa ne ya hau: a zaunar da shi, a duba ko robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, in bai lafa ba a garzaya asibiti.