Na Ajiye Maganin Ƙwaƙwalwa, Barci Ya Ƙaurace Mini

Tambaya: Likita, shekara 2 ina shan olanzapine. Da na ji sauƙi sai na ajiye, yau kwana 9. Ba na runtsawa sai an kira assalatu. (Manomi daga Ringim)

Amsa: Sannu Malam. Olanzapine da Largactil, wani maganin ƙwaƙwalwa irinsa, suna sa barci, jiki kuma ya saba. In aka yanke su lokaci guda barci kan gudu, wani har da gumi da tashin zuciya, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa rashin barci ɗan aike ne da ciwon ke turowa kafin ya dawo. Tambayi iyalinka: sun ga ka fara yawan surutu ko zargin mutane? Kada ka jira sai an gama girbi, ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau a makon nan. A hankali ake rage maganin, cikin watanni, da sanin likita. Don Allah kada ka sayi maganin barci irin su diazepam a kemis.

Tambaya: Risperidone ya kashe mini sha'awa, na daina a ɓoye. Wata 2 ke nan ban iya kusantar iyalina ba. (Magidanci daga Bichi)

Amsa: Ɗan'uwa, ba sammu aka yi maka ba. Maganin yana tare wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, sai wani mai suna furolaktin, wanda ke sa nono ya kawo ruwa, ya hau, sha'awa da ƙarfin gaba su ragu. Mai haɗiyar maganin kan farfaɗo cikin makonni bayan ya daina, mai allurar wata-wata kuwa sai ya ɗauki watanni. Tunda ka kai wata 2, a auna maka suga da hawan jini, a duba ko akwai ciwon damuwa. Fargabar "yau ma zan gaza" kaɗai tana kwantar da namiji. Da ka cire kunya ka faɗa wa likitanka, da ya rage maka ko ya duba yiwuwar sauya maka zuwa wani maganin mai suna aripiprazole. Har yanzu ƙofa a buɗe take. Ka guji maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa.

Tambaya: Ina shan haloperidol al'adata ta ɗauke, nono yana zuba. Na daina, yaushe za ta dawo? (Baiwar Allah daga Gwaram)

Amsa: 'Yar'uwa, furolaktin ɗin ne. Fara yin gwajin ciki, domin mace kan iya ɗauka kafin ta sake ganin jini. Sannan ki koma wurin likitanki, ke da maigida in da hali.